Kilomita 100 tsakanin dutse da teku a Cape Town, da abin da sakamakon ya nuna mini

Gudun da na je na yi a Afirka ta Kudu sunansa Ultra-trail Cape Town, tun 2014 aka fara shi, yanzu kuma a ƙarshen watan Nuwamba ake yi, lokacin da mu nan hunturu ke shigowa su can zafi ne ke kankama. Akwai zango daban-daban, ni mai kilomita 100 na shiga. Marathon da aka saba ji kilomita 42.195 ne, duk abin da ya haura haka shi ake ce wa ultra, to amma wannan ba tsawon ba ne matsalarsa, matsalar ita ce ba kan kwalta ake yi ba, hanyar ƙafa ce cikin duwatsu da kwazazzabai da yashin bakin teku, in ka haɗa hawan da ke ciki gaba ɗaya ya haura mita 4,000, kuma duk abin da ka hau sai ka sauko shi. Awa 17 aka ba mu, in ka wuce haka ko ka iso ba sunanka a cikin waɗanda suka gama.

To ta yaya mutumin Zariya zai shirya wa dutse? Kowa dai ya san garinmu shimfiɗe yake. In tsawo kake so ba ka da matsala, ka tashi daga Samaru ka miƙe hanyar Shika ka dawo, ko ka zaga ta bakin dam ɗin jami'a da sassafe kafin masu babur su cika hanya. Amma hawa kam Kufena kaɗai muke da shi mai ɗan kirki, shi ma kana fara haki ka iso sama. Don haka sai maimaici, a hau a sauko a hau a sauko har yaran da ke kiwo a gindin dutsen suka daina kallona. Wata rana wani dattijo da ke dawowa daga gona ya tsayar da ni yace "Malam lafiya dai ko, wani abu ka yar a saman ne?" nace a'a Baba motsa jiki ne, ya kalli jakar ruwan da ke bayana yace to Allah Ya kyauta. Hajiyarmu kuwa har na tafi ba ta yarda ba kuɗi za a ba ni ba, da na faɗa mata ai ni ne ma na biya kuɗin shiga sai ta yi shiru, can tace "kai dai ka riƙe sallarka a can."

Tafiyar ba wani abu, biza, katin allurar shawara wanda dole ne ga mai tasowa daga Najeriya, jirgi daga Legas zuwa Johannesburg sannan wani zuwa Cape Town. Agogonsu na gaban namu da awa ɗaya. Na sauka kusa da Bo-Kaap, unguwar Musulmi ce mai gidaje kala-kala a gindin Signal Hill, nan masallacin Auwal yake wanda aka gina tun 1794, shi ne mafi daɗewa a ƙasar, abincin halal kuma ba ka wahalar samu. Wanda zai je in gaya masa tun yanzu, ƙarfe 12 na rana ana buga igwa a saman tudun nan, al'adarsu ce tun zamanin jiragen ruwa, kada ka watsar da kwanon abincinka.

Ana gobe gudu ka je ka karɓi lamba a duba kayanka na dole: rigar ruwa, fitilar goshi, usur, bargon leda mai ƙyalli na gaggawa, waya mai caji, abin ɗaukar ruwa. Ina kallon rana tana ƙwalla a waje nace wannan rigar ruwan nauyi ne kawai, sai washegari a saman dutse na gane dalilinsu.

Da duhu aka tashe mu daga wani filin rugby a cikin gari, kowa da fitila a goshi. Farkon nan ba laifi, an zaga tudun Signal Hill da dutsen Lion's Head, gari na ƙasa fitilu ko'ina, teku kuma baƙi ƙirin ba ka ganin komai sai dai ka ji sanyinsa. A nan na ratse gefe na yi asuba a tsaitsaye mutane na ta wuce ni, ban damu ba don tafiya ce mai nisa. Daga Kloof Nek aka hau hanyar da ke bin ƙirjin Table Mountain, babban dutsen nan da garin ke gindinsa, har zuwa Platteklip Gorge, wani kwazazzabo ne da ya tsaga dutsen, matakala ce ta manyan duwatsu tana lanƙwasa hagu da dama har sama, ba mai gudu a nan, hatta na gaba-gaba tafiya suke hannu a gwiwa. Wallahi a nan na ji daɗin jikina. Kufena ya yi aikinsa, ina ta wuce Turawa masu sanduna biyu da takalma masu tsada, a raina ina cewa ashe dai abin ba wani abu ba ne.

Muna leƙawa sama iska ta mare mu. Iskar kudu maso gabas ɗin nan da suke wa kirari da likitan Cape, ita ke tattaro gajimare ta shimfiɗa a kan dutsen, ka shiga ciki ba ka ganin wanda ke gabanka da taku goma, gumin da ka haɗa a hawa ya koma ƙanƙara a bayanka. Nan da nan na zaro rigar. Aka bi ta Maclear's Beacon, tsibin duwatsu ne a wuri mafi tsayi, mita 1,086 daga teku, sannan aka miƙe ta kan jerin duwatsun da ake kira Twelve Apostles. A hoto za ka ce saman nan fili ne, ina, hawa da sauka ne ƙanana-ƙanana ba iyaka, ga tsani a wasu wuraren, ga ciyayinsu na fynbos gajeru masu kaifi suna ta yankar ƙwauri.

Sai saukar Llandudno Ravine. Nan ne labarin ya canja. Kana tsaye a sama kana hango farin yashi da teku shuɗi can ƙasa kaman ka miƙa hannu, amma tsakaninku gangara ce ta tsakuwa da dutse mai santsi, wani wurin sai ka juya baya ka kama ƙarfen da aka kafa a jikin dutse ka sauka. Duk waɗanda na wuce a Platteklip suka dawo suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, da maza da mata, wani ma da furfura, suna tsalle daga dutse zuwa dutse kaman awaki a kan tsohuwar ganuwa, ni kuwa kowane taku sai na duba na taka birki. Shi kuma birkin nan cinya yake ci. Duk sanda ka tokare ƙafa don kar ka tafi, naman gaban cinya ne ke ɗaukar nauyin yana miƙewa a lokaci guda, irin wannan aikin shi ke yayyaga nama fiye da hawa, kuma ba a take za ka ji ba sai can gaba. Su da suka saba sakin jiki suke, taku ƙanana da sauri, idonsu na kan duwatsu uku a gaba ba kan takalminsu ba.

Na iso Llandudno, unguwar da ke bakin teku a ƙasan gangarar, na cika ruwa na ci dankalin turawa dafaffe da gishiri, wanda shi ne abincin da ya fi zama mini a ciki duk yinin, sai ayaba da lemo da dabinon da na saya a Bo-Kaap. Daga nan bakin teku ne sosai. Wanda bai taɓa yi ba zai ce ai nan ne hutu tunda ba hawa, to ba haka ba ne. Manyan duwatsu ne mulmulallu ruwa ya wanke su, ka hau wannan ka dira kan wancan, igiyar ruwa na bugowa tana fesa maka gishiri a fuska, in ka fita daga dutse ka faɗa yashi mai laushi wanda kowane taku ƙafa ke nutsewa ta dawo baya, yashin ya cika takalmi ya haɗu da gumi ya fara goge fata. Akwai Sandy Bay a wurin, an gaya mini tun kafin in zo cewa wuri ne da wasu ke zuwa shan iska ba sutura, don haka na kafa idona a ƙasa na yi ta a'uziyya, dama dai duwatsun ba su barin mutum ya ɗaga kai.

Daga yashin nan kai tsaye aka sake ɗaga mu sama zuwa Suther Peak, rana ta take, ba inuwa ko ta tsuntsu. Zafin bai dame ni ba gaskiya, wanda ya yi azumi a watan Afrilu a Zariya ba wannan ranar ce za ta ba shi tsoro ba, na ga mutane zaune a gefen hanya fuska ja wur suna zuba ruwa a ka ni ina wucewa. Amma hawan na hannu da ƙafa ne, ka kama dutse ka ja jikinka. A sama in ka waiga, teku ne ta ko'ina har inda ido ya tsaya, na ɗan tsaya na yi tasbihi don abin ya isa a yi.

Hout Bay an wuce rabi. Garin masunta ne, warin kifi na tarbarka tun daga nesa, ana bin bakin ruwa kan yashi har wurin hutawa. Nan na yi alwala da ruwan teku, tunda tsarkakakke ne, amma sanyinsa sai da na ji a haƙori, ruwan gefen Atlantika haka yake ko da rani saboda igiyar Benguela da ruwan ƙarƙashi mai sanyi da iska ke tasowa da shi. Na haɗa azahar da la'asar ƙasaru, na zazzage yashi na canja safa na manna filasta a bororon da ya fito a ɗan yatsa, na zauna a kujera na ci abinci. Kujerar nan da daɗi take. Wata mai aikin sa kai ta zo ta tsaya a kaina tana tafa hannu tana nuna mini agogo, sannan na miƙe, kuma miƙewar ce ta gaya mini abin da saukar Llandudno ta yi wa cinyata.

Abin da ya biyo baya ba zan ja shi ba don ni ma rabi-rabi nake tunawa. Hawa daga Hout Bay, Vlakkenberg, gangara zuwa Constantia inda gonakin inabi suke, wani ɗan fili mai inuwa da ya kamata a ce na yi gudu amma sassarfa kawai ke yiwuwa, sannan dajin Cecilia da na Newlands, hanyar duk saiwoyi da matakalar katako. Ciki ya daina karɓar zaƙi, sai ruwa da gishiri da ɗan lemon kwalba. A jami'ar Cape Town wurin hutawa na ƙarshe mai girma yake, kana jin ƙarar motoci kana ganin gari ka ce an gama, sai su nuna maka sama, King's Blockhouse, tsohon gidan tsaro na dutse a kafaɗar Devil's Peak, wai sai ka hau can. Wanda ya tsara hanyar nan ya san abin da yake yi. Fitilar da na kashe da safe na sake kunna ta a nan, iska na neman ture ni, na yi ta lissafin minti nawa ya rage. Na shiga filin da awa 16 da 'yan kai, aka rataya mini lambar ƙarfe, na nemi ciyawa na kwanta.

Sakamakon kuwa ban zauna na dube shi da kyau ba sai da na dawo gida kumburin ƙafa ya sabe. Ni da wani abokina da muke gudun Shika tare, malamin lissafi ne a wata sakandare a Sabon Gari, muka buɗe shi a kwamfutarsa bayan isha. Shi sakamakon irin wannan gudun ba lokacin gamawa kaɗai yake ba ka ba. Akwai ɗan guntun na'ura a jikin lambarka, duk wurin duba da ka wuce tana ɗauka, don haka za ka ga ƙarfe nawa ka iso kowane wuri da matsayinka a lokacin, naka da na kowa. Abokin nawa ya ɗauko takarda ya ja layi ya fara cire wannan daga wancan.

Abin da ya fito ya ba ni mamaki duk da ni na yi gudun. A saman Table Mountain ina cikin rabin farko na mutane, da kyau ma. Zuwa Llandudno na zame sosai. Hawan Suther Peak na ɗan farfaɗo, saukarsa zuwa Hout Bay na sake zubewa. Haka layin yake ta yi har ƙarshe, duk zangon da hawa ya fi yawa matsayina ya gyaru, duk wanda sauka ko dutsen bakin ruwa ya fi yawa ya lalace. Yace "Malam kai fa ba gajiya ce ta ci ka ba, huhunka lafiya lau, ƙafarka ce ba ta iya karatun dutse ba." Kuma gaskiyarsa. A jikina abin da nake tunawa da wahala shi ne Blockhouse da daren nan, da an tambaye ni sai in ce can na yi asarar lokaci, amma a takarda zangon nan ba wanda ya wuce ni sosai, kowa a wurin ya mutu. Asarar tun da hantsi aka yi ta, lokacin da nake jin ƙarfi ina kallon teku.

Na biyu shi ne zama. Agogon hannuna na raba lokacin da nake motsi da lokacin gaba ɗaya, da muka cire sai ga fiye da awa guda da na yi ba na tafiya. Salla tana ciki kuma wannan ba abin taɓawa ba ne, dama minti kaɗan ce. Sauran duk kujera ce da cika gora da tsayawa ɗaure takalmi, Hout Bay kaɗai ta ci kusan rabin awa. Muka duba wata mata da na tuna lambarta don mun yi ta wuce juna tun safe, a rukunin 'yan sama da shekara 50 take. A saman dutse ina gabanta da nisa, ta gama kafin ni da kusan minti 40, kuma in ka bi layinta ba inda ta yi wani abin a zo a gani, matsayinta kawai ke hawa a hankali daga wurin duba zuwa wurin duba, ba ta taɓa komawa baya ba. Irin wannan layin muka yi ta gani wurin manya da mata da dama, samari kuwa nasu ya yi sama da safe ya faɗo da yamma.

Can ƙasan jerin akwai waɗanda aka rubuta wa DNF, ba su gama ba kenan, ko sun janye ko lokacin da aka ƙayyade ya ƙare musu a wani wurin duba. Na tsaya a kansu fiye da yadda na tsaya kan na sama, don wasu na gani sun iso Llandudno kafin ni da nisa, sai sunansu ya tsaya cak a Hout Bay. Wasu kuma har jami'a sun kai, saura ɗan abin da bai fi zuwa Shika daga Samaru da ɗoriya ba aka tare su. Ni ban ga abin raini a nan ba ko kaɗan, tsakanina da su minti ne ba wani abu ba.

Na saman kuwa wata duniya ce. Prodigal Khumalo, haifaffen Zimbabwe da ke gudu a Afirka ta Kudu, ya ci wannan gudun a 2016 da 2017, a na biyun ma Ryan Sandes ne ya biyo bayansa, ɗan garin wanda ya ci wani babban gudun daji na Amurka mai suna Western States a shekarar. A 2021 Jim Walmsley ya zo daga Amurka ya gama ƙasa da awa 10, Courtney Dauwalter ta ci na mata da awa 11 da 'yan mintuna, ta bar mafi yawan mazan a baya. Ka lissafa, awa 10 a kilomita 100 minti 6 kenan kowace kilomita, gudun da muke yi a kwaltar Shika muna hira, su a kan Platteklip da yashin Sandy Bay suka riƙe shi a matsakaici. Lokacin da na farko ke wanka a masauki ni ina kujerar Hout Bay ina fama da filasta. Akwai kuma makin ITRA, ƙungiyar gudun daji ta duniya, da ke auna kowa a ma'aunin da ya tsaya a 1000 bisa lokacin da ya gama da tsawo da hawan hanya, don a iya gwada wanda ya yi gudu a Faransa da wanda ya yi a Cape Town. Nawa makin dai na gani na rufe.

Abin da ya tsaya mini a rai da muna duba jerin shi ne tutocin ƙasashe a gefen sunaye. Mu a nan in an ce gudun nesa sai marathon na Legas da aka fara a 2016, ko Okpekpe a Edo, duk kwalta, duk kuma ido na kan kuɗin kyauta wanda 'yan Kenya da Habasha ke kwashewa. Alhali yaran Filato, na wajen Pankshin da suka saba fitowa a gaba cikin 'yan gida, a kan dutse suka tashi, ga tsaunin Mambila ga Obudu. A ganina irin wannan gudun ya fi dacewa da su fiye da kwalta, sun iya abin da ni ban iya ba tun suna yara, abin da ya tare su tikiti ne da biza da kuɗin shiga.

Abokin nawa ya riga ya zana mana tsari a bayan takardar. Kufena dai za a koma, amma yanzu hawan a yi shi a hankali, agogo sai an juyo za a kunna, kuma ta gefen da ya fi tsakuwa za a riƙa saukowa ba ta shimfiɗaɗɗen dutsen ba. Yashi kuma in rani ya yi rafin Kubanni ya ja baya akwai inda za a samu. Yace shi ma zai gwada mai kilomita 55 in Allah Ya hore kuɗin jirgi, nace to ya fara sanar da maiɗakinsa tukuna, ya kuma sayi takalmi mai haƙora a ƙasa wanda ya fi ƙafarsa da rabin lamba, don ƙumbata biyu har yanzu baƙaƙe ne.